Yadda muke tara taimako a lekwal ɗinmu ba tare da an tona asirin kowa ba

Shekarar da na fara wannan aiki na yi kuskuren da har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Ina koyar da ajin CM1, wato aji biyar, a wata firamare cikin garin Zinder. Sanyi ya sauko, na ga yara da yawa suna zuwa da safe da riga ɗaya shara-shara, leɓunansu duk sun tsattsage. Na ce wa ɗalibaina duk mai rigar sanyin da ta yi masa kaɗan ya kawo. Suka kawo, na raba a cikin ajin nan da rana tsaka, kowa yana kallo. Bayan kwana biyu, lokacin shan iska, wani yaro ya nuna abokinsa da yatsa ya ce, "Madam, wannan ai rigata ce!" Ba da mugunta ya faɗa ba, murna ma yake yi. Amma wanda ke sanye da rigar nan take ya tuɓe ta, ya ninke, ya ajiye a kan teburina, ya koma wurin zamansa ya rungume hannuwa. Sati guda bai zo lekwal ba, sai da na taka har gidansu na ba mahaifiyarsa haƙuri.

A makarantunmu mai bayarwa da mai karɓa benci ɗaya suke zaune, hanya ɗaya suke bi zuwa gida. Shi ya sa duk tsarin da zan bayyana, tun daga taron farko har ranar rabo, a kan rufin asiri muka gina shi. Shekara takwas ke nan muna yi muna gyara abin da ya karkace, a 2024 kuma muka fara aika wani kaso ƙetaren iyaka. Malami ko malamar da ke son farawa, ga yadda muke yi.

Kada ku fara da yara. Ku fara da darekta. In ya amince, shi zai kira kwamitin kula da makaranta, wato COGES, da ƙungiyar iyayen yara, da ƙungiyar uwaye mata da ake kira AME. Uwayen nan su ne ginshiƙin aikin, don su ke shiga gidan da namiji ba ya shiga, su suka san tukunyar da ta kwana biyu ba ta hau murhu ba. Daga nan darekta ya rubuta wa sufeton makarantu ƴar gajeruwar takarda: ga abin da za mu tara, daga rana kaza zuwa rana kaza, ga mutanen da za su riƙe. Ku ajiye kwafi. Ranar da wani zai tambaye ku wa ya ba ku izinin karɓar kuɗi a hannun yara, ko dalilin da ya sa kuka aika kuɗi wata ƙasa, takardar nan ce za ta amsa.

A taron ne za a zaɓi mutum uku: mai mabuɗi, mai kaye, wato littafin rubutu, da mai kuɗi. Kada su zama ƴan gida ɗaya, kada ɗaya ya zama surukin ɗaya. Malamin aji kuwa kada ya riƙe ko dala. Ni malama ce, na san halin da muke shiga in wata ya yi nisa, na san yadda zuciya ke cewa "ranta ka mayar ranar albashi". Ko da mutum bai taɓa ba, bakin mutane ba ya barinsa. A wurinmu wata dattijuwa cikin uwaye ce ke riƙe kuɗi, wani mahaifi mai shago yana rubutu, ƙofar mangaza, wato ɗakin ajiya, kuma kwaɗo biyu ne, mabuɗi ɗaya wurin darekta, ɗaya wurin shugaban iyaye. Ba ta buɗuwa sai su biyun sun haɗu.

A wannan taron dai za ku yanke nawa zai tsaya gida, nawa zai tafi waje, tun ƙwaya ɗaya ba ta shigo ba. Mu sai da aka kai ruwa rana. Kowa ya tuna daminar 2024. Gidajen laka sun yi ta faɗuwa, tsohon masallacin unguwar Birni da aka gina tun zamanin Sarki Tanimu ya rushe ranar 3 ga Satumba, gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28, don azuzuwa da dama waɗanda ruwa ya kora ne a ciki. Ana cikin haka labarin Maiduguri ya iso: madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ranar 10 ga Satumba gari ya wayi cikin ruwa. Da muka koma aiki na kawo shawarar mu tuna da su, sai wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Malama, gida bai ƙoshi ba, a kai wa dawa? Katangar maƙwabcina tana ƙasa har yanzu." Na ce, "Baba, gaskiyarka." Wuri ya yi tsit. Can wata uwa ta ce ƙanwarta tana unguwar Gwange a Maiduguri, da zanen jikinta da goyonta kawai ta fita cikin dare. Wani kuma ya tuna mana cewa Damagaram da Barno tsohuwar zumunta ce tun sarakunanmu suna aika gaisuwa Kukawa, fadar Shehun Barno ta lokacin, kuma gidaje nawa ne a Birni asalinsu Barebari. Aka tsaya a kan cewa hatsi da tufafi duk na gida ne, kuɗi kuma a kasa uku, biyu su tsaya, ɗaya ya tafi. Dattijon nan ne da kansa ya ce a rubuta a kaye a karanta kowa ya ji. Ina ganin ƙin da ya yi da farko shi ya gyara mana tsarin, don da an bi ta tawa da rabi zan ce, da kuma iyaye da yawa sun janye.

Lokaci yana da muhimmanci ƙwarai. Hatsi a kaka ake tara shi, tsakanin ƙarshen Oktoba da Nuwamba, lokacin da sabon hatsi ya shigo, farashi ya sauko, masu gona a ƙauye an aiko musu da rabonsu. A lokacin ba wuya uwa ta ɗebi gwangwani ɗaya ta ba ɗanta. In kuka jira Afrilu ko Mayu, kun zo roƙo ne a gidan da shi ma awo yake yi. Tufafin sanyi kuma a farkon Disamba, kafin hunturu ya kankama. Tarawar kada ta wuce sati biyu. In ta daɗe yara sukan gaji, iyaye su fara jin kamar haraji ne.

Kafin ranar farko a sanar da iyaye kai tsaye, ta bakin uwayen ƙungiya da ƴar takarda a cikin kayen yaro. Mun taɓa samun yarinyar da ta ɗebi hatsin da uwarta ta auna na tuwon dare ta kawo, don kada a ce ita kaɗai ba ta kawo ba, ta sha duka a gida. Saƙon ya fito fili: ba dole ba ne, ba a rubuta sunan kowa, yaro kada ya ɗauki komai sai da sanin uwarsa.

Ga yadda muke karɓa. A kusurwar aji ta bayan ƙofa muna rataya tabarma ko tsohon zane ya zama labule. A bayansa akwai buhun hatsi, da buhun wake, da wani na dawa ko masara, da gwangwanin madara babba da aka huda murfinsa aka liƙe. Da safe kowane yaro, da jakarsa a kafaɗa, zai shiga bayan labulen shi kaɗai ya fito. Kowane yaro, na ce, har wanda bai zo da komai ba. Shi ma ya shiga, ya ɗan tsaya, ya fito. Ba wanda ya san wanda ya juye tiya guda, da wanda ya jefa dala biyar, da wanda ya shiga da hannu wofi. Ranar farko sukan yi ta dariya suna leƙe, amma in malami ya tsaya a bakin labule da fuskar da ba wasa, kwana biyu sun saba. Wani abin da na lura, tun da muka fara haka, yaran da na san gidajensu ba ƙarfi su ma suna sakawa. Na taɓa jin ƙarar kwabbai biyu a gwangwani daga hannun yaron da na san kuɗin ƙosansa ke nan na ranar. Ban ce masa komai ba, ban kuma hana shi ba. Shi ma yana da haƙƙin ya zama mai bayarwa.

Gasa tsakanin azuzuwa kuwa ku guje ta, ko da wani ya ce tana ƙara yawan abin da ake samu. Tana ƙarawa, na gani. Amma yara su ke zama masu karɓar haraji a tsakaninsu, su tsare marar ƙarfi a bayan aji su ce shi ya ja musu faɗuwa. Kada kuma a tura yara da kwano cikin Kasuwar Dole ko bakin titi neman taimako. Garinmu ya ishe mu da yara masu yawo da kwano, ga kabu-kabu da adaidaita ba sa jiran kowa. In ana son ƴan kasuwa su sa hannu, manya biyu daga kwamiti su je da takardar izini, ranar da ba Alhamis ba, don ranar kasuwa ba mai sauraron ku.

Abin da muke karɓa: hatsi, dawa, masara, wake, shinkafa, sabulu, kaye da bik sababbi, tufafi wankakku marasa yagewa, bargo, takalma. Ba ma karɓar magani ko wane iri, ba ma karɓar dafaffen abinci. Zakka ma ba ma haɗa ta da wannan. Tana da mutanenta da aka ambata a Suratut Tauba, zakkar fidda kai tana da lokacinta kafin sallar idi, wanda ya kawo sai mu ce ya ga liman. Sunan da muka ba aikin shi ne taimakon juna, don a ajina akwai ƴaƴan Kirista, su ma suna shiga bayan labule kamar kowa.

Kowace Juma'a kafin a tashi, a kawo buhunan azuzuwa duka a juye wuri ɗaya, sannan a auna. A haɗa tukuna, don kada a san na wane aji ya fi. Awon a gaban yara ake yi, da tiya ɗaya tak da aka aro a wurin mai awo, kuma ƴan CM2, wato aji shida, ne ke ƙirgawa da ƙarfi. Tiya ta hatsi kusan kilo 2 da rabi ce, tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. Nan nake samun darasin lissafin da ya fi na littafi: in mun tara tiya 130, buhu nawa ke nan, saura nawa? Gwangwanayen kuɗi ma a fasa su gaban mutum ukun nan, a ƙirga, a rubuta da dala da kuma sefa, don iyaye da dala suke lissafi, takardun ofis kuma da sefa. Jika ɗaya dala 200 ce, sefa 1,000. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Ajiya tana cin hatsin mutane in aka yi sake. Kada a ajiye a ajin zana, saboda wuta da awaki da ɓarayi. A samu ɗaki mai ƙofar ƙarfe, a jera itace ko duwatsu a ƙasa a ɗora buhuna a kai, a janye su daga bango saboda gara. Wake shi ne mai rigima. In kuka zuba shi a buhun da aka saba, kafin wata biyu ƙwari sun huda shi ya zama gari. Ku sayi buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki, buhu a waje. A shanya waken ya bushe sosai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ba ya buƙatar maganin ƙwari, rashin iska ne ke kashe su, amma sharaɗin kada a yi ta buɗewa. Kuɗin da zai tsaya gida ma, shawarata a sayi hatsi da mafi yawansa tun a kaka. Kuɗi a hannu narkewa yake yi, yau a ce a sayi alli, gobe a ce a gyara famfo, alhali buhun da kuka saya a Nuwamba ya fi daraja a Yuni.

Zaɓen gidajen da za a kai wa shi ne wuri mafi wuya, kuma nan ne zumunci ke ɓaci in ba a yi hattara ba. Ba ma karɓar suna daga baki ɗaya. Uwayen ƙungiya su kawo nasu, mai unguwa da liman su kawo nasu, malamai su kawo nasu, kowa daban ba tare da ya ga na wani ba. Gidan da ya fito a wuri biyu ko uku shi ne farko. Malami yana da idon da sauran ba su da shi. Yaron da ke kwantar da kai a benci tun ƙarfe goma, yarinyar da ke fashin Alhamis don tana talla, wanda in an fita shan iska yake komawa gefe ya yi kamar yana karatu don kada ya kalli masu cin wake da shinkafa, wanda ya daina zuwa tun da kayensa ya cika. Amma ido yana ruɗi. Akwai yaro mai tsaf-tsaf, rigarsa a goge, alhali uwarsa bazawara ce da ke wankau tana rufa wa kanta asiri. Irin wannan gida ba zai taɓa kai kuka wurin mai unguwa ba, maƙwabciya ce kawai ta sani. Shi ya sa nake cewa uwaye.

Kada ku taƙaita ga gidajen ɗalibanku. Tsohuwar da ke riƙon jikoki, gidan da maigida ya tafi Libiya ko Aljeriya aka daina jin ɗuriyarsa, wanda ɗakinsa ya faɗi da damina, duk ƴan unguwa ne. Hasali ma shigar da su yana ƙara rufa asirin ɗalibai, don yara sun san "gidajen unguwa" aka kai wa, ba su san ko na ajinsu na ciki ba. Ɗan kwamiti kuma in an zo kan gidan danginsa ya fita waje har a gama magana. Sunaye a kaye ɗaya suke, a wurin darekta. A duk sauran takardu lamba ce: gida na 1, gida na 2.

Gida nawa? A nan nakan saɓa da mutane. Kowa yana so a ce an kai wa gida ɗari. A lissafina, gida mai mutum bakwai tiya ɗaya ba ta wuce masa yini guda. In kuka ba shi tiya biyu, kun tayar masa da hankali ne kawai, maƙwabta sun ga an shigo da kaya, jibi kuma ya koma inda yake. Mu ba ma kai ƙasa da tiya 10 na hatsi da tiya 2 na wake da sabulu. A 2024 buhu 7 na hatsi da ƴan tiyoyi muka haɗa, da wanda aka tara da wanda aka saya, muka tsaya a kan gida 14, aka kai musu sau biyu. Akwai waɗanda suka ji haushi ba a sa su ba, mun rubuta su a farkon jerin shekara mai zuwa, mun kuma cika alkawari.

Rabo ba a farfajiyar makaranta ake yi ba. Ba layi, ba kiran suna, ba hoto. Wannan na hoto ina nanata shi, don yanzu kowa da waya a hannu, kuma akwai masu ganin in ba a sa a Facebook ba kamar ba a yi ba. Ku ɗauki hoton buhuna in kuna so, ban da fuskar mutum, ban da ƙofar gidansa. Uwaye biyu-biyu ke kaiwa bayan magariba, a cikin buhun da ba rubutu, kamar masu dawowa daga awo. Na taɓa bin su sau ɗaya zuwa gidan wata tsohuwa mai jikoki huɗu. Muka yi sallama, muka tarar tana zaune a bakin murhun da ba wuta, ƙaramin jikan yana barci a cinyarta. Abokiyar tafiyata ta ajiye buhun a bayan randa ba tare da ta nuna shi ba, ta zauna aka gaisa, aka yi maganar sanyi da tsadar ruwa, har bido nawa ƴan ga-ruwa ke sayarwa yanzu. Sai da muka miƙe ta ce, "Inna, ga ɗan saƙo nan daga iyayen yara." Tsohuwar ba ta dubi buhun ba. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, wa ya gan ku?" Na ce, "Ba kowa, Inna." Sannan ta saki ajiyar zuciya ta fara sa albarka. Tun daga ranar ban sake bin su ba, don yaran unguwa sun san fuskata, ganina a ƙofar gida kaɗai ya isa labari.

Tufafi kuma, saboda abin da na faɗa a farko, ba a raba su a makarantar da aka tara su. Mun yi yarjejeniya da wata firamare a ɗaya gefen gari. Namu su tafi can, nasu su zo nan, a wanke, a ware na maza da na mata bisa shekaru. Rigar da ta fito daga wajen Garin Malam in ta ɓulla a wata unguwa mai nisa, kayan gwanjo ce kawai kamar na kowa.

Muna raba hatsin kashi biyu. Ɗaya kafin azumi, ɗaya a watan Yuni dab da hutu, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, farashi ya hau, sabon hatsi kuma sai Oktoba. Za a matsa muku ku raba duka tun farko. Ku daure.

Na waje kuwa ƙa'idarsa ɗaya ce a wurina: kuɗi ake aikawa, ba kaya ba. Buhun tufafi daga Zinder zuwa Maiduguri, kuɗin mota da shingayen hanya za su cinye fiye da darajarsa, iyaka ma ba kullum take buɗe ba, mun ga yadda ta kasance rufe daga 2023 har Maris na 2024. Ga shi kuma mutanen can sun fi mu sanin abin da suka rasa, ƴan kasuwarsu ma suna buƙatar ciniki. Abin da ke da wuya shi ne hannun da zai karɓa. Lambar asusun da ke yawo a WhatsApp da hoton yaro yana kuka, kada ku kula ta, ko wa ya turo. Ku nemi makaranta irin taku. Ta hanyar uwar nan mai ƙanwa a Gwange muka samu shugaban wata firamare da ruwa ya shiga. Darektanmu ya yi magana da shi ta bidiyo, ya ga azuzuwan da idonsa, laka har rabin bango. Ba mu tsaya nan ba, sai da wani ɗan kasuwar garinmu mai zuwa can ya sa abokin cinikinsa, wanda bai san shugaban ba, ya je ya duba ya tabbatar. Shaidu biyu da ba sa cin tuwo a kwano ɗaya, wannan shi ne ma'aunina.

Muka tambaye su abin da suke so, suka ce littattafan rubutu da tabarmi, don yaran sun koma karatu a ƙasa, jakunkunansu ruwa ya tafi da su. Mutum biyu daga kwamiti suka je wurin ɗan canji tare, aka rubuta farashin naira na ranar, aka tura ta asusun makarantar, aka karɓi resi. Kuɗin aikawa tun farko a cire shi a lissafi a faɗa wa iyaye. Mun aika rabi tukuna, sai da hoton kayan da takardar mai shago suka zo muka tura sauran. In wurin cikin ƙasa ne, kamar ƴan gudun hijirar Diffa da rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu tun 2015, abin ya fi sauƙi, ga kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Al Izza da Amana, amma sharaɗin shaidu biyu yana nan. In kuma zuciyar yara ta tafi wuri mai nisa, kamar Sudan da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane suka kwarara gabashin Chadi, ko Gaza da suke gani a waya, ku fara zuwa ofishin ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ko wata ƙungiya mai rajista ku tambaya ko suna da hanyar kai kuɗi can da resi. In hanyar ba ta samu ba, kada ku tara da sunan wurin. Alhaki ne a karɓi dalar yaro da sunan Sudan a kashe ta a wani abu, ko da abin alheri ne.

Kafin mu aika, na kafa taswira a allo, yara suka bi hanya da yatsa daga Zinder zuwa Gure, zuwa Diffa, suka tsallaka Komadugu suka gangara Maiduguri. Kowane aji ya rubuta wasiƙa ɗaya da Hausa, don yaran can Ingilishi suke karatu, namu Faransanci, Hausa ce ta haɗa su. Aka ɗauki hoton wasiƙun aka tura. Bayan sati uku amsa ta zo da muryar wata yarinya tana karantawa, na kunna musu a aji sau uku, don duk lokacin da ta ce "ƴan'uwanmu na Damagaram" sai ajin ya kaure da sowa ba a jin sauran.

Bayan kowane rabo, cikin sati guda, a kira iyaye a karanta lissafi da baki, don ba kowa ke karatu ba. Tiya nawa ta shigo, kuɗi nawa, nawa aka sayi hatsi, nawa aka sayi buhunan wake da kwaɗo, gida nawa aka kai wa, nawa ya tafi waje, nawa ɗan canji ya ci, me ya rage a mangaza. In wani abu ya lalace a faɗa. Shekarar da ɓeraye suka huda mana buhu ɗaya, mai kaye ya miƙe ya ce tiya 6 ta tafi, ga buhun nan ku gani. A rubuta lissafin a babbar takarda a manna a ƙofar ofishin darekta, resi kuma a liƙa su a cikin kaye. Kafin a tafi babban hutu a share mangaza, a ƙona tsofaffin buhunan da ƙwari suka shiga, a sake zaɓen mutum ukun ko a sabunta musu a gaban taro. Kayen sunaye ya koma akwatin darekta a kulle, labule da gwangwanaye kuma nakan tafi da su gida in ajiye sai kaka.